Mu Je Kaduna Mu Dawo Kafin Magariba

Daga Laraba, ɗalibar digiri na biyu

 Editan wannan mujalla tamu mai farin jini ya nemi in rubuto wani abu game da zaman da nake yi a Abuja, kuma na san abin da yake tsammani shi ne labarin tuwo da miyar kuka da zafin rana da farashin atamfa a Kasuwar Wuse. To, sai dai ya yi haƙuri, domin wata magana ce dabam take ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ita ce, duk wadda ta zo Abuja tare da mijinta, ko wanda ya zo tare da matarsa, ina ba su shawara su riƙa ware rana guda su shiga jirgin ƙasa su je Kaduna su dawo. Amma shawarar tawa tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi shawarar nauyi, don haka ina roƙon mai karatu kada ya ajiye mujallar a rabin hanya.

Mun sauka Abuja daga ƙasar Sin a farkon shekarar 2024. Maigidana injiniya ne, wani kamfani ya turo shi aikin kafa na'urorin hasken rana, ni kuma na biyo shi da niyyar tattara bayanai domin kundin digirina. Ba zan ambaci sunansa ba. Matan Hausawa na da ba su kama sunan miji, kuma wannan alkunya ta yi mini daidai a nan. Aka ba mu ɗaki biyu a cikin wani gida mai doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta, ga maigadi a ƙofa, ga janareta da ba ya hutawa. Duk mazauna gidan 'yan ƙasarmu ne. Da safe mota ta kwashi maza zuwa wurin aiki, da yamma ta dawo da su, a ci abincin gida, a kalli talabijin ɗin gida, a kwanta. Na yi wata 3 a haka, sai wata rana na lura cewa duk Hausar da na yi a mako guda ba ta wuce gaisuwar da nake yi da maigadi ba. Shekara 4 ina haddace karin magana a aji, ga ni a ƙasar masu harshen, amma bakina yana neman yin tsatsa. Shi kuwa maigidana nasa halin ya fi nawa, domin ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa, Turancinsa kuma na aiki ne kawai. Daga ofis sai ɗaki. Magana ta ragu a tsakaninmu, ba don faɗa ba, sai don babu wani sabon abu da ɗayanmu zai ba ɗaya labari. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Kada wani ya fahimce ni a baibai ya ce na ce babu Hausa a Abuja. Akwai ta birjik. Sai dai Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 aka tare a hukumance. An gina shi a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, sunan ma aro shi aka yi daga tsohuwar masarautar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja. An so ya zama birnin kowa da kowa, shi ya sa harshen ofis da banki da manyan kantuna Turanci ne. Hausa tana bakin mai shayi da mai nama da mai wankin takalmi da direban tasi, amma ga baƙuwa irina yawanci Hausar ciniki ce: nawa ne, rage mini, albarka, kawo kuɗin. Mutumin da ke neman abin sa wa a bakin salati ba shi da lokacin zama ya yi hira da ɗaliba, kuma ba laifinsa ba ne.

Ƙaramin jirgin cikin gari ne ya fara fitar da mu daga katanga. An buɗe shi tun a watan Yuli 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi ranar 29 ga Mayu 2024, aka kuma ce a shiga kyauta na wani lokaci. Wata Asabar na ja maigidana muka hau daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama muka dawo, ba mu da abin yi a can, tafiyar kawai muka je yi. A tashar Idu ne ya hango wani layin da wani babban jirgi a tsaye, ya tambaye ni ina wancan yake zuwa. Na ce Kaduna. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma tun daga ranar na fara kitsa yadda za a yi.

Layin dogon Abuja zuwa Kaduna tsawonsa kilomita 186 ne. Kamfanin CCECC na ƙasarmu ne ya shimfiɗa shi, Bankin Exim na ƙasar Sin ya ba da rancen dala miliyan 500 daga cikin kuɗin aikin, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yuli 2016. Yana tashi daga Idu, ya tsaya a Kubwa, ya ratsa ta Asham da Jere da Rijana da Kakau, ya ƙare a Rigasa da ke gefen birnin Kaduna. Wanda ya saba da jirgin Beijin zuwa Tiyanjin, wanda tun 2008 yake cinye kusan kilomita 120 a cikin wajen minti 30, zai ga wannan kamar tafiyar hawainiya. Da farko ni ma haka na gani. Daga baya na gane cewa wannan jinkirin shi ne ribata. A jirgin gida, kafin ka gama gyara zama an iso, kowa kansa na kan wayarsa, kuma in ka yi wa maƙwabcinka magana zai zaci wani abu ya same ka. A nan kuwa sama da awa 2 za ka yi kafaɗa da kafaɗa da mutum, ba ya sauri, ba ya sayar maka da komai, a wasu wuraren ma waya ba ta samun sabis. Bahaushe kuma ba ya iya zama kusa da mutum tsawon wannan lokaci bai gaishe shi ba.

Ranar tafiyarmu ta farko, wani magidanci da ke kujerar gefe ya dubi maigidana ya miƙa masa hannu ya yi masa sannu da Turanci, ni kuwa ko kallona bai yi ba, kuma na san ladabi ne ba raini ba. Sai na ce, “Ina kwana, Malam, ya iyali?” Ya yi tsit, ya waiga baya yana neman wadda ta yi maganar. Da ya tabbata daga bakina ta fito sai ya tafa hannu ya ce wa na bayansa, “Jama'a, ku zo ku ji 'yar Caina tana Hausa!” Ku lura, 'yan'uwa: mu a aji “ƙasar Sin” da “Basiniya” aka koya mana, kamar yadda ake faɗa a rediyo, amma a cikin tarago 'yar Caina za a kira ku, kada ku ɓata lokaci wajen gyara wa mutane. Kafin mu kai Jere an miƙo mana dabino da ƙuli-ƙuli daga kujeru uku. Wata dattijuwa ta sa aka yi musayar wuri ta dawo kusa da ni, ta tambayi sunana, na ce Laraba, malaminmu ne ya sa mini don ranar Laraba aka haife ni. Ta nuna maigidana da haɓa ta ce, “Shi fa, 'yata?” Na tambaye shi wace rana aka haife shi, ya ce bai sani ba. Ta ce, “To, tunda Asabar na gan shi, Ɗan'asabe ke nan.” Na ce, “Mun gode, Hajiya.” Har yau a gida idan ina so in tsokane shi da wannan suna nake kiransa, kuma yana amsawa.

Abin da kunnena ya kwasa a waɗannan tafiye-tafiye ya fi abin da na samu a zangon karatu guda. Mun karanta a littafi cewa Hausa tana da kare-kare, mun amsa tambaya a kai a jarrabawa, amma gani ya kori ji, ko in ce a nan ji ya kori karatu. A jirgin nan na fara jin Bazazzagi yana cewa “rigan nan” da “motan nan”, abin da da ni na rubuta a aji da an zana mini jan biro. A nan wani Basakkwace ya tambaye ni mi nika biɗa a Kaduna, na yi shiru ina juya kalmar a kaina kafin na tuna cewa biɗa nema ce. A nan na ji samarin Kaduna suna gwamutsa Hausa da Turanci a jimla ɗaya ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Hatta kalmomin jirgin kansu darasi ne, domin tasha da tikiti da reluwe duk daga Turanci Hausa ta aro su ta yi musu riga da wando, alamar cewa sun shigo tare da dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya sa noman gyaɗa ya bunƙasa har aka yi dalar gyaɗa. Hausar Magana Jari Ce da muke ji da ita tana sa dattawa murmushi, suna cewa ina magana kamar kakarsu. Yabo ne ko zolaya, na karɓa.

Ba kullum hirar take da daɗi ba. Wata rana wani tsohon malamin makaranta, bayan mun gaisa sosai, ya buga hannun kujera ya ce, “Malama, ku kuka gina wannan, amma bashin jikokina ne za su biya.” Na ji kunya ta rufe ni, na so in ce ni ɗaliba ce, ban san komai ba. Amma na ga idan na zo ƙasar mutane ina cin dabinonsu, bai kamata in toshe kunne idan sun faɗi abin da ke damunsu ba. Na ce masa gaskiyarsa, rance rance ne, kuma 'yan ƙasa suna da haƙƙin su tambayi yadda aka karɓo shi da yadda za a biya. Ya ce shi ba da ni yake ba, da shugabanni yake, sannan ya shiga ba ni labarin jirgin da ya hau yana yaro daga Zariya zuwa Kano. Na fassara wa maigidana duka, suka yi ta muhawara ta bakina har Rigasa. Irin wannan magana ba za ka taɓa jin ta a cikin katanga ba, kuma ba za ka ji ta a liyafar ofis ba.

Ita Kaduna, gaskiya lokacin da mai komawa a ranar yake samu a cikinta kaɗan ne, wani lokaci awa 2 ko 3, ga kuma tazarar da ke tsakanin Rigasa da tsakiyar gari. Saboda haka muka yi doka: wuri ɗaya a tafiya ɗaya. Wata rana Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda na sayo littattafan Hausa cike da jaka. Wata rana bakin kogi, muka ga tsohuwar gadar ƙarfe ta Lugga wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna. Ni minti 5 ya ishe ni, shi kuwa ya yi rabin awa yana duba kusoshinta. Wata rana da ya samu hutu a tsakiyar mako muka je Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, wanda daga baya ya zama cibiyar adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk ɗalibin Hausa da ya zo Nijeriya bai taka wannan gida ba, ya yi asara. Akwai kuma ranar da ba mu je ko'ina ba, muka ci masa da miyar taushe a kusa da tasha muka juyo.

Amfanin da auren ya samu shi ne wanda ban yi tsammani ba. Ni kunne ce a tafiyar, shi kuma ido. Ina can ina hira, shi yana taga yana lura da abin da ban gani ba: inda ruwa ya zaizaye gefen dogo, ƙauyen da ke da turakun lantarki amma babu waya a kansu, yadda daji ke sauya launi daga damina zuwa kaka. Da dare sai mu haɗa, in ba shi abin da na ji, ya ba ni abin da ya gani. Ya koyi sannu da na gode da madalla da sai an jima, kuma “madalla” ta zama amsarsa ga kowace tambaya, ko da kuɗin tasi aka tambaye shi.

Yanzu ga sharaɗin, kuma a nan nake so mai karatu ya gyara zama.

Ranar Litinin 28 ga Maris 2022, bayan magariba, 'yan bindiga suka dasa nakiya a kan dogo a yankin Katari da Rijana, suka tsayar da jirgin da ya taso daga Abuja, suka buɗe masa wuta. An kashe aƙalla mutum 8, aka shiga daji da fiye da 60, maza da mata da yara. Na ƙarshensu, mutum 23, sai a watan Oktoba na wannan shekara suka kuɓuta, wato bayan fiye da wata 6 a hannun masu garkuwa. Jirgin bai koma aiki ba sai ranar 5 ga Disamba 2022. Kafin wannan ma, a watan Oktoba 2021, an taɓa fasa dogon da nakiya. Abin takaicin shi ne mutane da yawa sun rungumi jirgin ne tun farko don gudun masu satar mutane a kan titin mota na Abuja zuwa Kaduna. Ofisoshin jakadancin ƙasashe da dama suna gargaɗin mutanensu game da tafiya jihar Kaduna, kuma baƙo mai fata irin tamu ba ya ɓacewa a cikin taro. Duk wanda ya ce muku babu haɗari, ya yaudare ku. An ƙara jami'an tsaro a cikin jirgi, ana tantance masu sayen tikiti, dubban mutane suna hawa suna sauka lafiya, ni ma na hau na sauka lafiya sau da yawa. Amma saukar da na yi lafiya ba hujja ba ce. Waɗanda suka hau ranar 28 ga Maris su ma sun sha sauka lafiya kafin ranar.

To, in haka ne, me ya sa nake ba da shawarar? Saboda a ganina zaman katanga shi ma yana da tasa illar, sai dai ita a hankali take ci kamar gara, ba ta fitowa a jarida. Na ga matan da suka yi shekara 2 a Abuja ba su san sunan unguwar da ke bayan gidansu ba, suka koma gida suna ba da labarin Nijeriya da ba su gani ba, yawanci labari marar daɗi. Ɗalibin harshe da ya yi haka, da zamansa a ɗakin karatu na jami'a ya fi masa araha. Baligi yana da damar ya auna wannan da wancan ya zaɓa. Matsalar ita ce idan ku biyu ne, kuma ɗaya ne kaɗai yake jin harshen, to awon ba daidai yake ba. Na san haka domin ni da kaina na tauye mudu.

A tafiyarmu ta huɗu muka zauna da wani manomi, mutumin wajen Kaciya. Tun daga Kubwa yake ba ni labarin cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, yadda ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutane suka rasa iri da jari. Ina fassarawa, maigidana yana gyaɗa kai. Can bayan mun wuce Jere da nisa sai taragon ya yi shiru, kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ga leɓunan wasu suna motsi. Manomin ya sunkuyo ya nuna daji ta taga ya ce a hankali, “Malama, wajen nan ne.” Ya ce akwai wanda ya sani a cikin waɗanda aka tafi da su, ya dawo da rai amma har yau ba ya iya barci idan an kashe fitila, kuma danginsa sun sayar da gida da gona. Maigidana ya ga fuskokin mutane sun sauya, ya taɓa ni ya ce, “Me ya ce?” Na ce masa, “Maganar citta ce har yanzu.”

Ba wai bai san labarin harin ba ne. Ya karanta tun kafin mu zo. Amma sanin abu a jarida dabam, a nuna maka dajin ta taga dabam. Na san idan na faɗa masa zai iya cewa daga yau an gama, ni kuma ina buƙatar jirgin nan saboda kundina, kuma in faɗi gaskiya, saboda daɗin da nake ji idan aka kewaye ni ana mamakin Hausata. Na yi kwana 3 abin yana nuƙurƙusa ta. Malamanmu sun sha gaya mana cewa tafinta amana ce, na ɗauka maganar taro da ofis ake yi, ashe amanar ta fi nauyi a kan wanda ba shi da wani kunne a ƙasar nan sai nawa. Da na gaya masa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce tun a jirgin ya gane, domin babu wanda yake addu'a saboda citta. Ya ce abin da ya tsorata shi ba dajin ba ne, tunanin da ya yi ne cewa ko sau nawa na taɓa tace masa magana.

A daren muka yi yarjejeniya guda biyu, kuma su ne sharaɗin da nake ta ambata. Ta farko, duk abin da aka faɗa game da tsaro, ko a jirgi ko a rediyo ko a bakin direba, zan fassara masa shi ɗanye, ba gishiri ba magi. Ta biyu, ranar tafiya wanda ya fi jin tsoro shi ne mai yanke hukunci, kuma ba sai ya kawo dalili ba. Wasu za su ce wannan ba adalci ba ne, tunda mai tsoro kullum zai yi rinjaye, ƙarshenta a koma cikin katanga. Ni ma na yi wannan tunanin. Amma abin da na gani shi ne, tun da ya san cewa a'arsa tana aiki, sai i ɗinsa ya yawaita. A da yana bi na ne don kada in ɓata rai. Bayan yarjejeniyar shi da kansa yake tambaya ko an samu tikiti.

An gwada yarjejeniyar ranar 26 ga Agusta 2025, lokacin da jirgin da ya nufi Kaduna ya kauce daga kan dogo a Asham, taragu suka kife, mutane suka ji rauni, aka dakatar da zirga-zirga na wasu makonni. Ba mu cikinsa. Da aka koma aiki na ɗauko waya zan sayi tikiti, sai ya ce a'a. Na ce ai an gyara. Ya ce shi injiniya ne, yana so ya ga damina ta ɗauke, jirgin ya yi ta kai da kawo tukuna. Na ji haushi ƙwarai, domin akwai wata tsohuwa a Tudun Wada da ta yi mini alkawarin tatsuniyoyi, kuma lokacin miƙa babi na uku ya matso. Na yi fushina na kwana 2, na kira malamina na nemi ƙarin lokaci, na haƙura. Har yanzu ina ganin ya tsawaita jiran fiye da kima, shi kuma yana ganin bai tsawaita ba, kuma ba mu daidaita a kan wannan ba.

Wata ƙawata Bahaushiya da muke zumunci da ita a Kubwa ta taɓa yi mini dariya, ta ce ita ba ta ga dalilin da mutum zai biya kuɗi ya je gari ba biki ba suna ba gaisuwar mutuwa ba, ya ci masa ya dawo. Tana da gaskiya ta wani ɓangaren, domin yawancin waɗanda ke cikin taragon ba yawon buɗe ido suke ba: ma'aikata ne da iyalinsu ke Kaduna saboda tsadar haya a Abuja, da 'yan kasuwa, da masu zuwa asibiti. Su dole ce ta sa suke ratsa dajin nan kowane mako, mu kuwa ganin dama ne. Wannan bambanci ya kamata baƙo ya riƙe shi a ransa, ya rage ɗaukar hoto, kada ya ɗauki kowa ba da izini ba, kada kuma ya mayar da tsoron mutane abin ba da labari a wurin shan shayi.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri ta intanet, wanda aka fara tun a watan Janairu 2021, ku riƙe fasfo, ku duba jadawali domin yana sauyawa. Ku tafi da rana ku dawo da rana. Ku sanar da wani a Abuja inda za ku da lokacin dawowa, amma kada ku baza shi a Facebook. Ku samu direba guda amintacce a Kaduna ta hannun wanda kuka sani, ya jira ku a Rigasa. Idan wurin aikin abokin zamanku ya hana irin wannan tafiya, kada ku yi ta a ɓoye. Mu sai da muka nemi izini a rubuce. 'Yan'uwana mata, mayafi ba ya da nauyi a jaka, kuma yana buɗe ƙofofin hira da dattawa.

Mun koma jirgin a watan Disamba 2025, hunturu ya shigo, hazo ya rufe duwatsun Kubwa. Shi ya ce lokaci ya yi. Muka zauna kusa da wani dattijo mai carbi, muka gaisa, aka yi mamakin da aka saba yi, aka miƙo goro. Bayan mun wuce Jere da nisa, taragon ya fara yin shirun nan. Kafin in buɗe baki sai na ji Ɗan'asabe ya juya wajen dattijon, ya nuna taga, ya ce da Hausarsa mai gargada, “Baba, nan ne?” Dattijon ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, “Nan ne, ɗana. Saura kaɗan mu wuce.”